Akuya a Kan Keke

Talata, 2 ga wata

Zuwa ga ɗana Dogo,

Sallama daga wadda ta daɗe ba ta ji ɗuriyarka ba. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Ni dai gwiwa ce ke ta tsiyarta, kunne kuma sai ƙara nauyi yake, shi ya sa ka ga takarda maimakon waya. Direban motar da ke zuwa garinku duk Laraba ya ce ya san asibitinku, shi zai kawo maka.

In ka manta da ni, ni ce Gwaggonka malamar makaranta, wadda kakanta da kakan mahaifinka wa da ƙani ne. Rabona da kai tun kana aji uku, lokacin da ka yi hutu a gidana ka fasa mini butar shayi. Na yafe.

Wata biyu ke nan da maigidana Malam ya faɗi a banɗaki, ɓarinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta fara dawowa, yana jan ta da sanda, amma hannu yana nan a lanƙwashe kamar tsumma. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya daina kallon hagu gaba ɗaya. In na ajiye masa abinci, rabin farantin na dama yake ci, ya ce ya ƙare. Likita ya ce watannin farko su ne na ceton hannu, a kai shi sashen gashin ƙashi a babban asibiti, kuma an ce mini can kake aiki. Roƙona ka samo masa rana, ka kuma sauke mu a gidanka.

Yanzu sai ɗaya maganar, ka san ni ba na kwana-kwana. Jikata ta nuna mini hotonka a wayarta. Na sa tabarau, na cire, na goge, na sake sawa. Magidanci ɗan shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, yana tsaye a ƙofar asibiti da riga mai zanen katun, wata akuya ce a kan keke, ta zaro harshe! A bayanka jaka mai kunnuwan zomo. Jikata ta ja hoton ya yi girma, sai ga safa mai kifaye. Dogo, lafiyarka kuwa? Shekara talatin ina koyarwa, na san shekarun da yaro ke daina son waɗannan abubuwa, kuma ka wuce su tun ina da haƙorana duka.

Ka san Malam magatakardan kotu ne shekara talatin da biyu. Ya taɓa mayar da akawu gida saboda maɓalli ɗaya da ya ɓalle. Mutumin da ciwo ya riga ya karya wa zuciya ba zan kai shi inda zai ga an mai da shi abin wasa ba. Saboda haka ka tattara kayan nan ka kulle a akwati har mu bar gidanka. Ba shawara nake ba ka ba.

Gwaggonka


Juma'a, 5 ga wata

Gwaggo,

Na amsa sallamarki da hannu biyu. Muna lafiya ƙalau. 'Yan biyu sun shiga sakandare, uwarsu tana gaishe ki, ta ce in tambaya ko kina shafa wa gwiwar wani abu. Allah ya ba Baba lafiya. Butar shayi kuwa, tun da an yafe, yau zan iya faɗin gaskiya, ba mage ba ce, ni ne.

Na samo rana. Alhamis 18 ga wata, ƙarfe tara na safe, kuma na roƙi shugabar sashenmu ta bar mini shi a hannuna. Ku biyo motar Laraba 17, zan jira ku a tasha. Mun kwashe ɗakin da ke kusa da banɗaki, kafinta ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, mun naɗe dardumar tsakar ɗaki don kada sanda ta sarƙe. Rashin kallon hagun nan da kika faɗa mun san shi, yana cikin ciwon, ba taurin kai ba ne, kuma ana aiki a kansa.

Batun riga, Gwaggo, ki yi haƙuri da ni. Da zan iya ce miki don yara marasa lafiya nake sawa, da kin sauko, amma ƙarya ce, duk majinyatana manya ne. Ina sawa ne don ina so. Ina tashi da safe in tafi inda mutane ke kuka saboda cokali ya gagare su, kuma in na kalli akuyar nan a madubi kafin in fita, sai in ji sauƙi a raina. Shekara goma sha bakwai ina aikin nan, ba wanda rigata ta hana wa hannu miƙewa. Akwai masu kallona a motar haya, ni ma sai in kalle su, mu gaisa.

Kuma in za a bi diddigi, ke kika fara. A hutun nan, duk lissafin da na ci, ba maki kike sa mini ba, fuskar mage kike zana mini a gefen littafi, da gashin baki uku-uku. Don ita na koyi raba lamba.

Ba zan kulle rigunana ba, don ba zan karɓe ku a gidana da fuskar wani ba. In kin ga lallai za su hana Baba sakewa, akwai masauki mai tsabta a bayan asibiti, sai in riƙa zuwa ina ɗaukar ku. Amma ɗakinku yana nan a share.

Ɗanki,
Dogo


Talata, 9 ga wata

Dogo,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma mun gode Allah.

Na karanta takardarka sau biyu, kuma na gane. Na nemi masauki wajen ɗan'uwana, ya nuna mini gidan saukar baƙi a bayan asibiti, inda ake kwana da wanda ba a sani ba. Wato tsakanin Gwaggonka da akuya, akuya ka zaɓa. Madalla. Ban taɓa tsammanin zan tsufa har in ga ranar da za a auna ni da zanen katun, zanen ya rinjaye ni ba.

Magen da ka tuna mini, yaro ɗan shekara takwas na zana wa. Da na san za ta bi ka har furfura, da jan biro na sa maka kawai.

Ka mayar musu da ranarsu, ba za mu zo ba. Zan ci gaba da murza masa hannun da man zafi yadda nake yi. Ka gode wa maiɗakinka saboda wahalar ɗaki.

Gwaggonka


Juma'a, 19 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, da fatan jikin da sauƙi. Mu lafiya lau, sai dai raina da bai yi daɗi ba.

Shekaranjiya tun azahar ina tasha. Motar ta iso, na leƙa kowace taga, ban gan ku ba. Na tambayi direba, ya dafe kai, ya janyo wasiƙarki daga bayan abin kare rana na gilashin gaba. Kwana takwas tana can tare da takardun mota. Na yi ta kiran wayarki, tana ta ƙara ba a ɗauka, na san tana cikin wata jaka kunne bai ji ba. Da wasiƙar ta iso a kan lokaci, da tun makon jiya na biyo mota na zo na durƙusa gabanki. Jiya ƙarfe tara aka kira sunan Baba sau uku, sannan aka shigar da na bayansa.

Gwaggo, ban kore ku ba. Ki sake duba takardar, layin da ke biye cewa ya yi ɗakinku yana nan a share. Har yau a share yake, uwar 'yan biyu tana buɗe tagarsa kullum.

Yanzu zan yi miki magana a matsayin ma'aikaci, ba ɗa ba. Man zafi ba zai dawo da hannun nan ba. Kowane mako da ya wuce, yatsun suna ƙara dunƙulewa, kuma akwai lokacin da in ya wuce, ko ni ko wanda ya fi ni, sai dai mu koya masa zama da hannu ɗaya. Wata abokiyar aikina ta matsa jerin majinyatanta ta ba ni Alhamis 1 ga sabon wata. Mun yi asarar mako biyu. In wannan ma ta wuce, layin da ke bayanta na wata huɗu ne.

Ki kira ni marar hankali, ki kira ni yaro mai gemu, duk na ɗauka, ke uwa ce. Amma tambaya ɗaya gare ni, kin tambayi Baba? Hannun nasa ne. Ki karanta masa wasiƙun nan duka, har da na akuya. In shi ya ce ba zai zo ba, na yi shiru.

Ranar Laraba 31 zan sake tsayawa a tasha. Ba za ki sha wahalar gane ni ba.

Ɗanki,
Dogo


Talata, 23 ga wata

Ɗana Dogo,

Gaisuwa gare ka da iyalinka. Wannan karon na ce wa direba in ya ƙara ajiye mini takarda a bayan gilashi, shi da ni ne. Na koyar da yayarsa, ya san halina.

Tambayarka ta kama ni, don gaskiya ban tambaye shi ba. Jiya da safe ina sa masa maɓallan riga, ya juya fuska bango yadda yake yi kullum. Maɓalli bakwai ne, har wuya, don bai yarda a bar ko ɗaya ba. Da na gama sai na ɗauko takardun na zauna ta damansa na karanta masa tun daga farko. Na kai har ƙarshe. Sannan ya ce, “Wato ranar goma sha takwas an kira sunana a asibiti ban amsa ba?” Na ce haka ne. Ya ce, “Shekara talatin da biyu ina rubuta sunan waɗanda aka kira ba su zo ba.” Can kuma ya ce, “Wa ya gaya miki rigar wani ce damuwata? Tawa ce ta gagare ni.”

Kunya ta kama ni ƙwarai, Dogo. Na koma na duba layin da ka ce, yana nan kuwa. Fushi ne ya sa idona ya tsallake shi, ni da na sha dukan tebur ina cewa yara su karanta tambaya har ƙarshe.

Za mu biyo motar 31. Amma kada ka ɗauka na janye. Rigar nan ba ta dace da magidanci ba, jiya haka, yau haka. Na dai sa ta a ma'auni ɗaya da hannun mijina, na ga ba ta kai ba.

Gwaggonka


Juma'a, 30 ga sabon wata

Gwaggo,

Ina fata kin huce, kuma gwiwa ta yi sauƙi. Baba yana lafiya, yana cin abinci, ya ƙara ƙiba kaɗan. 'Yan biyu suna tsoronsa, suna kuma son shi, don ya kama su sun ajiye takalman makaranta ba gogewa, ya yi musu shari'a a tsakar gida.

Na san kin ji zafin yadda na roƙe ki ki koma gida bayan mako ɗaya. Ba raini ba ne. Kina juya masa faranti kafin ya nemi ɗaya rabin, kina miƙa masa kofi kafin ya motsa, kina zama ta damansa kullum don ya gan ki. Ƙauna ce, amma tana yi wa hannun aikinsa. Mu kuwa mugunta muke yi masa da gangan, rediyo, ruwa, tabarau, komai ta hagu muke ajiyewa.

Ni ma ta hagunsa nake zama a ɗakin gashi. Kwanakin farko ko ganina ba ya yi, sai ya tambayi bango, “Ina likitan?” Farar rigar aikin da nake ɗorawa ba ta jan ido a farin ɗaki, amma ranar da kika tafi na sa ta akuya, jar nan mai rawayan keke. Ina lanƙwasa masa gwiwar hannu sai na ga kansa yana juyowa a hankali, a hankali, har ya tsaya a ƙirjina. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Wannan wane irin shashanci ne?”

Gwaggo, wata uku ke nan bai juya hagu da kansa ba. Na kusa rungume shi, amma na daure. Na ce, “Baba, ba ka son ta?” Ya ce ko a gawa ba zai so a gan shi kusa da ita ba. Na ce, “To mu yi yarjejeniya. Ranar da ka ɗaga wannan hannun ka taɓa hancin akuyar nan, na cire ta, ba za ka ƙara ganin ta a jikina ba.” Ya ce a rubuta. Wallahi sai da aka rubuta, ma'aikaciyar jinya ta sa hannu a matsayin shaida.

Tun daga ranar ba ya fashi. Yana zuwa ɗakin kamar mai zuwa kama ɓarawo. Makon farko kafaɗa kawai ke motsi, gumi na zuba. Makon jiya hannun ya tashi daga cinya kamar faɗin tafi. Jiya ya kai cibiyata, yatsu biyu sun buɗe, ya taɓa tayar keken. Ya ce ai taya ma jikin akuya ce. Na ce takarda hanci ta ce. Ya harare ni, ya ce da a kotunsa ne da ya ci ni tara.

Ina wanke rigar kullum da yamma don ta bushe kafin safiya, har ta fara koɗewa. Ita ce wadda na fi so duk cikin rigunana, kuma ban taɓa ɗokin rabuwa da wani abu haka ba.

Ɗanki,
Dogo


Talata, bayan dawowar Malam da kwana uku

Ɗana Dogo,

Sallama da godiya, gare ka da uwar 'yan biyu, wadda ta yi wata uku tana hidimar tsohon da ba ta haɗa jini da shi ba. Mun wayi gari lafiya, Malam ya huta gajiyar hanya.

Kai dai ba ka da kirki. Ka rubuto mini cewa ya taɓa hancin, ka cire rigar ka miƙa masa a gaban shaida, amma ba ka gaya mini sauran ba. Ranar Asabar na je tasha da jikata, da maƙwabciyarmu matar mai kantin magani wadda ta ce lallai sai ta raka ni. Mota ta tsaya, direba ya buɗe ƙofa yana ta murmushi, ban san dalili ba. Sai ga magatakardan kotu ya sauko da sandarsa, wando a goge, takalmi na ƙyalli, a ƙirjinsa akuya a kan keke ta zaro mini harshe. Rigar ta kai masa har cinya, don tsawonka ba nasa ba ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ko a jikinsa, ya gaisa da mutanen tasha ɗaya bayan ɗaya kamar ya dawo daga taro.

Da muka isa gida na fito masa da farar rigarsa mai guga na rataye a inda zai gani.

Washegari da safe na shigo in shirya shi kamar yadda na saba. Ya ce in tsaya a bakin ƙofa. Ya shimfiɗa rigar akuya a cinyarsa, ya fara zura hannun hagu yadda ka koya masa, ya ja ta har kafaɗa, ya zura na dama, ya sunkuyar da kai ya shiga. Ta maƙale masa a kunne, ƙafata ta motsa, ya ce, “Tsaya inda kike.” Ya kama gefenta da yatsun hagu ya ja ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni. Dogo, wata uku da wani abu na yi ina sa wa mutumin nan riga yana kallon bango, ranar ce ya fara kallona da safe. Na fita tsakar gida na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa.

Ya ce maɓalli yana nan tafe, ya iya biyu yanzu, kuma ranar da ya iya bakwai zai koma fararsa. Amma ya ce akuyar ba ta kyauta ba ce, a shari'a ya ci ta, ba mai raba shi da ita.

Jiya matar mai kantin magani ta shigo aron rariya, ta rage murya, ta ce, “Malama, ki yi haƙuri, amma mutane suna cewa ko ciwon ya taɓa masa kai. Babba da shi da kayan yara?” Na ji maganar tamkar daga bakina ta fito, har da yadda ta karkata kai. Na ce mata, “Da hannunsa ya sa ta. Wanda ya ga ba ta yi masa ba, ya ɗaure hannu ɗaya a baya ya zo ya nuna mana tasa.” Ta ɗauki rariyarta ta fita.

Kada ka yi murna da yawa. Har yanzu akuyar nan mummuna ce, kuma jakar kunnuwan zomo ba zan taɓa fahimtar ta ba. Sai dai na auna hankalinka da riga, awon kuma ya ci wa Malam mako biyu da ba zan iya mayar masa ba. Wannan laifina ne, ba na direba ba.

Ka aiko masa da wasu biyu, daidai jikinsa, don wannan ba ta samun bushewa. Ya ce in gaya maka shi ne ya danne mini takardar nan a kan tebur ina rubutu, kuma da hagu.

Ka duba can ƙasa, ta gefe. Hannu ya tsufa, gashin bakin ya karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Shekara talatin da biyar rabon da in zana maka fuskar magen nan. Ka ci lissafinka, ɗana.

Gwaggonka